Ramar Mai Agogo

Tun Mai Agogo yana saurayi ba a taɓa kiransa mai jiki ba. Irin mutanen nan ne da in sun juya gefe sai ka ɗauka sun tafi. Amma ramar da ta same shi bayan ya haura arba'in daban ce, ta wuce ta gado. Riga ta koma masa kamar an rataye ta a ƙusa, ya ƙara wa bel ɗinsa huji uku, har matan layi suka fara ba matarsa shawara ta riƙa sa masa dutse a aljihu ranar da ake iska.

Kowa ya ɗora laifin a kan zamani, zamanin kuma ba shi da bakin musu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana zaune ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi, da tabaron ido ɗaya da yake maƙalawa kamar mai hararar duniya. A da sai agogonka ya yi mako a wurinsa kafin layi ya zo kansa. Sai waya ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. 'Yan tsirarun da suka rage suna ɗaura agogo kuma na roba suke saye, wanda in ka buɗe cikinsa ba ka ganin komai sai batir da wani ɗan baƙin abu kamar kashin ɓera. Yakan ce waɗannan ba don a gyara aka yi su ba, don a jefar aka yi su. Haka zai wuni yana saita tsofaffin agogunan da masu su suka manta da su, duk suna tafiya daidai, babu mai tambayarsu ƙarfe nawa.

Matarsa tela ce, Maman Biyu ake ce mata saboda tagwayen matan da suka haifa. Keken ɗinkinta ne ya riƙe gidan tun da agogo ya faɗi. Ita ta fara lura cewa mijin nata yana shan ruwa kamar tsohuwar mota mai yoyo, kuma ba ya awa guda bai zagaya ba. Ya ce mata zafi ne. Ta ce zafin shi kaɗai yake dafawa a layin nan?

Wata ranar Laraba wani mutum mai ƙamshin turare ya tsaya a teburinsa don a sake masa madaurin agogo, nasa ya matse shi. Mai Agogo na aiki, mutumin na kallonsa, daga wuya zuwa haƙarƙarin da ke leƙowa ta wuyan riga, irin kallon da mahauci ke yi wa sa, sai dai wannan ƙashi yake nema ba tsoka ba. Ya tambaye shi ko jinya ya tashi. Mai Agogo ya ce lafiyarsa ƙalau, rayuwa ce kawai. Mutumin ya ce madalla, wata uku ke nan yana neman irinsa.

Ashe manajan talla ne na wani kamfani mai yin maganin ƙiba da suka raɗa wa suna Cika-Riga. Wani jan ruwa ne mai kauri da zaƙi. A jikin kwalbar an rubuta cewa masana sun yi shekara tara suna bincike a kansa, ba a dai faɗi masanan ina ba, ba a kuma faɗi abin da suka gano ba. Tallar a bayan motar a-kori-kura ake yinta, kasuwa-kasuwa, da lasifika biyu. Manaja da kansa yake sa farar riga irin ta likitoci, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya, duk da cewa kafin wannan aikin takalman roba yake tallatawa. Yana da wani babban zanen cikin mutum, hanji da hanta da ƙoda, da yake nunawa da sanda. Wata biyu aka yi ana rataye zanen a kife kafin wani mahauci ya ji tausayinsu ya gyara musu.

Suna da mutum ɗaya tuni, wani tsohon kwandasta da ake kira Katifa, wanda in ya hau motar sai ta durƙusa ta gaishe shi. Abin da ya rage a samo masa wa. Labarin da Manaja ya tsara shi ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, nono ɗaya suka sha, ƙanen ya ji maganar masana ya sha Cika-Riga, wan kuwa mai taurin kai ya ƙi. Aikin Mai Agogo ke nan: ya tsaya kusa da Katifa cikin riga mai faɗi, in an miƙo masa kofi ya kawar da kai. Ba magana, ba rawa. Sharaɗi ɗaya ne. Duk Litinin da safe za a ɗora shi a sikelin sito, wanda ake auna buhunan sukari da shi, kada ya wuce kilo arba'in da takwas. Katifa kuma kada ya gaza ɗari da ashirin.

Da ya kai wa Maman Biyu labari sai da ta yi dariya har ta soke yatsa. Ta ce shekara da shekaru tana jin kunyar ramarsa a gaban danginta, ashe da jari take kwana ba ta sani ba.

Mai Agogo ba ya aikin ha'inci, ko da aikin tsayuwa ne. Ya gano cewa in ya ɗan ranƙwafa ƙashin wuyansa ya fi fitowa. Ya gano cewa kawar da kai a hankali, da ɗan taɓe baki, ya fi sa mata su yi salati a kan saurin juyawa. Katifa na gefe yana kwankwaɗar kofi shida a rana yana shafa ciki, mutane na tururuwar saye, kowa na cewa Allah ya raba shi da taurin kai irin na wancan. Cikin wata biyu aka buga hotonsu a kalanda. Yaran kasuwa suka sa masa suna Ƙi-Sha. Katifa kuwa, wanda bai taɓa samun wa ba a duniya, ya riƙe wasan da gaske, ko an sauko daga mota Yaya yake kiransa, har yana karɓar masa jaka.

Gida ya canza. Nama ya dawo tukunya, tagwaye suka samu sababbin takalma, aka sake fatar keken ɗinki. Abin mamaki, duk cin da yake yi, sikeli bai motsa ba. Manaja ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai amana irinsa ba.

Kiyashi ne suka tona asiri. Maman Biyu ta je wanke banɗaki wata safiya ta tarar sun yi cincirindo a inda mijinta ya gama tsugunawa, kamar an zubar da shayi. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki mayafi, ta tasa shi gaba zuwa asibiti yana ta ƙorafin za a yanke masa kuɗin yini.

Likitar da suka samu wata mata ce mai gajiyayyen ido, ta ga mutum hamsin kafin su. Aka soki yatsansa, ta dubi na'ura, ta dube shi, ta tambaya da ƙafarsa ya zo. Ya ce eh, da ƙafarsa. Ta ce to ya gode wa Allah, ciwon sukari ne, kuma ya daɗe yana cinsa.

"Wannan ramar ba taka ba ce, Malam, ta ciwon ce," in ji ta. "Allura za ka riƙa yi safe da yamma. In ka riƙe ta, nan da wata guda matarka za ta buɗe maka riguna."

Maman Biyu ta ce alhamdu lillahi. Mai Agogo kuwa sikelin sito yake gani a idonsa.

A tagar magani aka faɗa musu kuɗin 'yar kwalbar ruwan allurar, wadda ba ta kai babban yatsa ba. Maman Biyu ta tambaya ko na shekara ne. Aka ce na wata ne, shi ma in an yi tattali. Ta koma wurin likita ta tambaya ko babu ƙaraminsa, irin na talakawa. Likitar ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce maganin nan ya girmi kakarta, ba sabon abu ba ne da za a ce ana mayar da kuɗin bincike, amma masu yinsa sun san wanda yake buƙatarsa ba ya iya cewa a rage ko ya fasa. Sai ta ba su 'yar na'urar gwaji kyauta, ta ce kamfani ne ya raba. Murnar ba ta kai ƙofa ba, don 'yan takardun da ake sa wa na'urar saye ake yi, kuma na wani kamfanin ba sa shiga. Wannan kam sai da ya burge Mai Agogo. Ya ce ko masu agogon roba ba su kai waɗannan iya cin mutum ba.

Kwalbar ba ta son zafi, su kuma ba su da firij. Aka kai ta ajiya wurin Mai Ƙanƙara, wata bazawara a ƙarshen layi mai sayar da ruwan sanyi, wadda komai na gidanta yake daskarewa ban da bakinta. Ta sa kwalbar a murfin firij kusa da ƙwai. Safe da yamma Mai Agogo zai je, ya zauna a bencinta, ya ɗaga riga ya soka, ita kuma tana ba shi labarin wanda ya saki matarsa.

Maganin ya yi aiki, abin haushi. Ƙishirwa ta tafi, ya fara barci har safe, idonsa ya washe. Litinin ta farko sikeli ya ce arba'in da tara, Manaja ya ce wataƙila takalmi ne. Ta biyu sikeli ya ce hamsin. Ta uku hamsin da ɗaya da ɗoriya, ga wani ɗan kumatu ya fara leƙowa ba kunya. Manaja ya ɗora hannu a ka kamar an yi masa rasuwa.

"Baba, me na yi maka? Mutane rama suke zuwa gani. In wanda ya ƙi sha ya fara kumatu, me zan ce wa wanda ya saya?"

Ya ba shi mako ɗaya ya koma yadda yake. Ya kuma tuna masa, cikin ladabi, cewa a wannan zamanin ramammu ba su da tsada, ko yanzu ya leƙa bakin titi zai cika mota.

Mai Agogo ya zo gida ya zauna yana juya maganar. Aikin nan shi ke sayen allura. Allurar nan ita za ta kore shi daga aikin. In ya bar allura ciwo ya ci shi, in ya riƙe ta yunwa da ciwo su haɗu su ci shi. Gaba kura, baya sayaki. Wani zai je ya nemi shawara, amma shi mutum ne da ya yi shekara ashirin da biyu yana gyara abu shi kaɗai da ido ɗaya a rufe. A cikin tsohon agogo akwai wani ɗan ƙarfe da ake turawa gefe in yana sauri, a dawo da shi in yana latti. Ya ce ai jiki ma inji ne, saiti kawai yake so. Talata, Laraba, Alhamis zai yi allura cif-cif don ya rayu. Daga Juma'a zuwa safiyar Litinin zai ɗaga mata ƙafa don ya ci abinci.

Dabarar ta ci. Kwana ukun da ba ya allura ruwan jikinsa yake tsiyayewa kamar an huda jarka, harshe ya bushe, amma Litinin ta zo sikeli ya tsaya a arba'in da takwas ko gashi bai ƙaru ba. Manaja ya rungume shi. Shi kuma har wani alfahari yake ji, ga shi ya gano abin da likita ba ta sani ba, kuma kwalbar wata ɗaya tana neman kai wata biyu. Da safe zai fita kamar zai je wurin Mai Ƙanƙara, ya zaga bayan layi ya dawo yana shafa ciki.

Mako biyar ya yi yana haka. Ya manta cewa wanda ya ajiye sirrinsa a firij ɗin Mai Ƙanƙara a bakin kasuwa ya ajiye shi. Ta zo karɓar ɗinki wata Asabar, tana gwada riga take tambayar Maman Biyu ko ciwon sukari ma yana hutun ƙarshen mako ne, don ita dai daga Juma'a ba ta ganin ƙeyar Baban Biyu sai Talata.

Da ya dawo da la'asar ya tarar keken ɗinki a rufe, abin da ba ya faruwa sai an yi mutuwa. Tagwaye an aike su gidan innarsu. Maman Biyu na zaune bakin gado da tef a wuya. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi ba shi tsoro. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da allura. Ya fara yi mata bayanin ɗan ƙarfen cikin agogo, ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Baban Biyu, agogo in ya tsaya kai ake kawo wa. Kai in ka tsaya wa zan kai wa?"

"To in na cika, da me za a sayi kwalbar? Da maɓallai?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, ta san abin da kekenta yake kawowa. Daga ƙarshe ta ce ita dai ba ta iya ɗinka likkafani ba, kuma ba da shi za ta koya ba. Ya yi mata alkawarin zai koma allura kullum, amma ta bar shi ya wuce awon jibi, don gobe Lahadi babbar kasuwa za su ci, Manaja ya ce har shugabannin kamfani za su leƙo. Kwana biyu ne kawai. Ta ce Allah ya sa kwana biyun su san da haka.

Ba su sani ba. Ranar Lahadi da tsakar rana, rana na dukan kwanon mota, Manaja ya kai wurin da yake nuna hanta da sanda, aka miƙa wa Mai Agogo kofi. Ya kawar da kai kamar kullum, sai kan ya ci gaba da tafiya, jiki ya bi shi, ya zube a kan kwalin kwalabe. Mata suka sa salati. Manaja, Allah ya ba shi abin da ya ba shi, ko daƙiƙa biyu bai ɓata ba. Ya ɗaga lasifika ya ce jama'a su shaida da idonsu, ga ƙarshen taurin kai, shekara guda yana roƙon bawan Allahn nan ya sha ya ƙi. Aka yi ca a kan motar, hannuwa sama, kowa na son kwalba biyu. Sai ya durƙusa da kofi zai ɗura masa a baki, don a ga yadda Cika-Riga ke tayar da matacce.

Katifa ne ya buge kofin. A motar shi kaɗai ya san da maganar allura, don shi ke riƙe jaka. Ya saɓi Yayansa a kafaɗa kamar buhun da ba a cika ba, ya sauko, motar ta miƙe tsaye ta yi ajiyar zuciya, ya ratsa kasuwa da gudu, abin da ba a ga ya yi ba tun yana bin mota yana kiran fasinja.

Kwana biyu Mai Agogo bai san inda yake ba. Ya farfaɗo da ƙarin ruwa a hannu da fuskar likitar nan a kansa. Da ta ji bayanin saitin da ya yi wa kansa, ta ce shekararta goma sha huɗu tana aiki, ta ga masu raba ƙwaya biyu, ta ga masu sayar da nasu su sayi abinci, amma ba ta taɓa ganin wanda ya tsara wa mutuwa ranakun aiki ba.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo kafinta, siriri shi ma, an yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa. Tun da Mai Agogo ya buɗe ido dattijon yake leƙensa yana murmushi. A rana ta uku ya kasa haƙuri ya tambaya ko shi ne Ƙi-Sha na kalanda. Da aka ce shi ne, murna ta kama shi kamar ya ga ɗan wasan ƙwallo. Ya ce ai saboda shi ya fara sha. Bara ya ga yana ramewa, ga ƙishirwa, ga wani ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa, sai ya gan su a kasuwa, ya ce wallahi ba zai zama kamar wancan ba. Kwalba goma sha ɗaya ya sha. Ya sa hannu ƙarƙashin gado ya nuna masa ta sha biyu, ya ɓoye ta kada nas ta gani. Ya ce likitoci sun hana, amma ai su ma nasu suke son a saya.

Mai Agogo ya juya fuska bango. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Washegari Manaja ya zo dubiya da lemo a leda da fara'a har kunne. Maman Biyu na zaune a kujerar roba, ta ɗaure fuska tana jiran ya faɗi maganar kora ta wanke shi tas. Sai ya ce ba kora ya zo yi ba, ƙarin girma ya kawo. Cinikin Lahadin nan ba a taɓa yin irinsa ba, shugabanni sun yaba. Yanzu labari zai ci gaba: wan ya ga mutuwa da idonsa, ya tuba, ya karɓi kofi. Baba ya yi allurarsa safe da yamma, kamfani ma zai saya masa. A kofinsa shayi za a zuba ba sukari, ba wanda zai gane. Duk mako a auna shi a gaban jama'a su ga yana cika da idonsu, shi kuma ya karɓi lasifika ya faɗi abin da ya cika shi.

Fuskar Maman Biyu ta warware kamar an sa wa yadi dutsen guga. Ga allura, ga aiki, ga miji da kumatu. Ta fara yi wa Manaja addu'a, har 'ya'yansa da ba ta sani ba ta sa a ciki. Dattijon kafinta kuwa ya miƙo hannu daga gadonsa yana gaida Manaja yana ce masa Dokta, yana tambaya ko masu kwalba goma sha biyu ana yi musu ragi. Manaja ya ba shi kalanda.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, "Yallaɓai, a sana'armu akwai masu karɓar mataccen agogo su juya hannunsa da yatsa ya zo daidai, su ce wa mai shi an gyara. Kafin ya kai gida ya gane. Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi ba. A nemi wani."

Manaja ya ɗauka ciniki ne, ya ƙara tayi. Mai Agogo ya rufe ido kamar mai barci. Da Manaja ya ga da gaske ne bai yi fushi ba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ɗauki lemonsa. An ce kafin ya kai ƙofar asibiti ya tsaya sau biyu yana gaisawa da ramammun da ke jiran kati.

Fushin a wurin Maman Biyu yake. Ta jira ya fita, ta matso da kujera, ta rage murya don kada ɗaki ya ji, ɗaki kuwa duk ya kasa kunne.

"Shekara guda kana tsaye a mota kana ƙarya da wuyanka, sai yau da ƙaryar za ta yi mana rana ka zama waliyyi?"

"A da na ɗauka ruwan sukari ne kawai, ba ya kashe kowa," ya ce. Ya nuna gadon kusa da haɓa. "Ɗaga bargon can ki gani."

Ba ta ɗaga ba, ta riga ta gani. Ta ce ƙafar kafinta ba za ta ciyar da 'ya'yanta ba, kuma in shi bai yi ba wani zai yi, kafintocin duniya kuma ba za su fasa sha ba. Ya ce haka ne. Ta tattara kwanukanta ta fita, kwana biyu sai tagwaye ke kawo abinci.

Ranar da aka sallame shi ya tarar ta ja tabarma kusa da keke, ta tara masa rigunan makaranta sun kai gwiwa. Ta je ta karɓo kwangilar ɗinkin wata makaranta da ta daɗe tana gudu saboda yawan maɓallai da ƙarancin riba. Ta ce tunda ya zaɓi gaskiya, to ga ta nan, guda ɗari uku ce, kowace maɓalli biyar. Ta ce ita ba ta dafa wa mai zaman banza, ba ta kuma saya masa allura.

Nan yake har yau. In ka bi ta layin da hantsi za ka gan shi ta taga, ya tanƙwashe ƙafa, yana dasa maɓalli da natsuwar mai aikin tiyata, ita kuma tana kansa tana cewa ba ado aka ce ya yi ba, sauri ake so. Ya ce bai taɓa shiga hannun shugaba marar imani irinta ba, ba hutu, ba ƙarin girma, in ya yi magana a ce ya cika baki. Kumatun sun fito sosai, har matan layi sun fara cewa ashe Maman Biyu ba makauniya ba ce da ta aure shi. Katifa yakan leƙo ran da ba su fita ba, ya cika ƙofa, ya ce sabon wan da aka ba shi ba shi da fasali, ko kawar da kai bai iya ba.

Watan da makarantu ke komawa, kwalba ba ta yankewa. Sauran watannin sai yadda ta yiwu, wani lokaci nama ne yake barin tukunya, wani lokaci takardun gwaji, sau ɗaya har 'yan kunnenta. Allurar dai ba ta taɓa tsallake rana ba, don yanzu Maman Biyu ce ke soka masa da hannunta, kuma ya ce ko yadin katifa ba ta yi wa irin wannan sukar.